Hannun Farko a Aji: Yadda Ƙarfin Halin Yaro Guda ke Buɗe Bakin 'Yan Ajinsa

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar firamare ta ƙasar Hausa ya san wani irin shiru da kan sauka a aji. Malam ya gama bayani, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji duka ya amsa da murya ɗaya, "E, Malam." Ya sake cewa, "Akwai mai tambaya?" Sai kowa ya sunkuyar da kai, wani yana juya fensir, wata tana gyaran mayafi. Ran jarrabawa kuwa sai ta tabbata cewa da yawa daga cikin masu amsawar nan ba su fahimci kome ba. Amma wata rana akan dace da yaro guda ya ɗaga hannu, murya na rawa, ya ce shi bai gane ba. Kafin a tashi darasin sai a ga hannu biyu ko uku sun biyo nasa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana abin da ke faruwa tsakanin hannun farkon nan da waɗanda ke biyo shi: me ya hana sauran yaran magana tun da fari, me suka gani da ya sake su, kuma me zai sa su koma gidan jiya. An ɗauki Danja, wadda ke kudancin Jihar Katsina cikin yankin noma na Funtuwa da Malumfashi, a matsayin wurin tsayawa a duba al'amarin, domin kuwa rayuwar yaranta tana nuna matsalar a fili.

YARON KASUWA DA YARON AJI

Ƙasar Danja ƙasar noma ce, damina da rani. An san ta da rake da tumatir, kuma a lokacin kakarsu 'yan kasuwa kan zo daga nesa su yi lodi. Yaro a irin wannan ƙasa yakan tashi cikin hidima. Shi ake aika gona da abinci, shi ke tsaron kaya a bakin hanya, ita kuma yarinya ita ke ɗaukar tallan abin da uwarta ta sarrafa a cikin gida. Wanda ya tsaya ya saurari yarinya 'yar shekara tara tana talla zai ji murya garau wadda ke isa ƙarshen layi. Za ta yi ciniki da magidanci sa'an ubanta, ta ce masa albarka, ta lissafa canji a ka ba tare da kuskure ba, in ya nemi ya ƙware ta kuma ta tsaya kai da fata sai ya cika mata kuɗinta.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wata masaniyar halayyar al'umma daga Amurka, Enid Schildkrout, ta yi bincike a cikin birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan aure da ke cikin kulle ta dogara ga yara. Su ke shiga gida gida, su ke kai saƙo, su ke saye da sayarwa. Watau yaron Bahaushe tun yana ƙarami yana da filin da ake sakar masa baki, har ma ana bukatar ya iya magana.

To, yarinyar nan mai talla ita ce washegari za a iske a bencin baya, an tambaye ta bakwai sau takwas ta kasa buɗe baki, alhali jiya ta lissafa abin da ya fi wannan wuya. Ashe ke nan shirun da ake gani a aji, galibinsa ba daga halittar yaro yake ba. Gaskiya ne akwai waɗanda aka haifa da saurin firgita. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard, wanda ya daɗe yana bin diddigin yara tun suna jarirai, ya ƙiyasta irin waɗannan da kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Amma in aji mai yara sittin ko tamanin ya yi tsit gaba ɗaya, halitta kaɗai ba za ta bayyana dalili ba. Tilas a nemi sauran dalilin a cikin ajin kansa da kuma abin da yaran suka zo da shi daga gida.

KUNYA IRI BIYU

Abu na farko da yaro ke zuwa da shi daga gida shi ne kunya, kuma kunya a wurin Bahaushe ado ce. A laccar da A.H.M. Kirk-Greene ya gabatar a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya lasafta kunya cikin halaye goma da ake auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi da sauransu. Ana koya wa yaro kada ya haɗa ido da babba, ya durƙusa in zai gaishe shi, kada ya tsoma baki cikin zancen manya. Wanda ya saɓa wa wannan akwai sunaye da ke jiransa: mai tsaurin ido, fitsararre, mai shisshigi. Malamin makaranta kuwa a idon yaro uba ne, saboda haka duk dokar da ke tsakanin ɗa da uba sai yaron ya ɗauko ta ya shigo da ita aji.

Sai dai malaman Musulunci tun da daɗewa sun rarrabe tsakanin kunyar da ke hana mutum aikin assha da kuma jin nauyin da ke hana shi neman sani. Ta farko abin yabo ce, na biyun kuwa asara ne. A cikin Sahihul Buhari akwai labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, sa'ad da yake yaro a majalisar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An tambayi mutanen da ke wurin wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Manya suka yi ta ambaton itatuwan daji. Yaron ya gane a ransa cewa dabino ne, amma ganin shi ne ƙarami sai ya ji nauyi ya yi shiru, har aka faɗi amsar. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, sai Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa. Imam Buhari ya kawo wannan labari ne a babin da ya yi kan kunya a wajen neman ilimi. Haka kuma an ruwaito Nana A'isha tana yabon matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambaya a kan addininsu ba.

Hausawa ma da kansu sun ce matambayi ba ya ɓata, sun ce tambaya rabin ilimi. Matsalar ita ce yaro ɗan shekara takwas ba zai iya tantance inda ladabi ya tsaya da inda asara ta fara ba. Yana bukatar ya ga iyakar da idonsa, kuma ba mai nuna masa ita kamar ɗan'uwansa yaro da ya taka ta ya tsallake lafiya.

ABIN DA AJI KE ƘARAWA

Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka tanadi malamai da azuzuwa. Malamin da ke gaban yara masu yawa haka, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya faɗa su maimaita. Binciken da Frank Hardman da abokan aikinsa suka buga a 2008 a kan yadda ake mu'amala a azuzuwan firamare na Nijeriya ya nuna cewa bayanin malami da amsar taro su suka mamaye darasi, tambaya daga bakin ɗalibi kuwa ba kasafai ake jin ta ba. Amsar taro mafaka ce: wanda bai sani ba yakan motsa baki ya ɓuya a cikin muryar jama'a, shekara ta zagayo ba wanda ya taɓa jin muryarsa ita kaɗai.

Ga kuma batun harshe. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa kafin a koma Turanci, an kuma yi ta sauya wannan tanadi daga baya. Kowace irin doka ke aiki, yaron Danja da aka ce ya yi tambaya da Turanci kaya biyu aka ɗora masa: ya nuna bai gane darasi ba, ya kuma yi kasadar karya harshen da bai mallaka ba a gaban masu jiran abin dariya.

Dalili na uku shi ya fi ɓoyuwa, kuma shi ne mabuɗin al'amarin. Kowane yaro yana jin tsoron da ke cikin ransa, amma ba ya ganin na cikin ran maƙwabcinsa. Abin da yake gani kawai fuskoki ne a natse. Sai ya ɗauka cewa sauran sun yi shiru ne don sun gane, shi kaɗai ne daƙiƙi. Maƙwabcin nasa kuwa tunanin da yake yi ke nan game da shi. A 1987 wasu masana biyu, Dale Miller da Cathy McFarland, suka gwada wannan da ɗaliban jami'a. Suka ba su wani rubutu da aka san ba zai fahimtu ba, suka ce duk wanda ya kasa ganewa yana iya tasowa ya nemi bayani. Ɗaliban suka zauna ba su nema ba. Da aka bincika sai aka tarar kowannensu ya ƙi tashi ne don gudun jin kunya, amma ya fassara zaman sauran da cewa su sun fi shi fahimta. In ɗaliban jami'a za su faɗa wannan rami, ina ga ɗan aji uku?

AIKIN DA HANNUN FARKO KE YI

Yaron da ya fara cewa bai gane ba yana yi wa 'yan ajinsa aiki iri uku, ko da yake shi bai san yana yi ba.

Na ɗaya, yana tona asirin shirun. Da zarar ya furta, yara ashirin ko talatin da kowannensu ke zaton shi kaɗai ne a cikin duhu sai su gane suna da abokin tafiya. Nauyin da mutum ke jin shi kaɗai ke ɗauke da shi ya fi nauyin da ya san an raba.

Na biyu, yana karya haɗin bakin taro. A farkon shekarun 1950 Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka wanda ya shahara ƙwarai. Yakan zaunar da ɗalibai bakwai zuwa tara, ya nuna musu wani layi da aka zana, ya ce su faɗi wanne ne daidai da shi a tsawo cikin wasu layuka uku. Amsar a bayyane take. Amma duk mutanen ɗakin, ban da guda, an riga an shirya da su su ba da amsar da ba daidai ba. Sai aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin waɗanda ake gwadawa sun bi taro sun bar abin da idonsu ya gani, kuma kusan mutum uku cikin huɗu sun bi taron aƙalla sau ɗaya. Da Asch ya sa mutum guda tak cikin taron ya riƙa faɗin gaskiya, sai bin taron ya faɗi zuwa wajen rubu'in yadda yake a da. Abin da ya fi ban mamaki shi ne, ko da mai saɓa wa taron nan shi ma kuskure ya faɗa, muddin dai ya bambanta da na sauran, wanda ake gwadawa yakan sami ƙarfin faɗin abin da ya gani. Wannan yana da muhimmanci ga malamin aji: ba lalle ne yaron farko ya faɗi daidai ba kafin ya amfani 'yan'uwansa. Buɗe bakin shi ne aikin.

Na uku, yana nuna yadda ake yi. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya kafa hujja da gwaje-gwaje masu yawa cewa ɗan Adam yana koyon abubuwa da dama ta hanyar kallon wani, har da rabuwa da tsoro. A 1967 shi da abokan aikinsa suka tara ƙananan yara masu tsoron kare, suka sa su kallon wani yaro ɗan shekara huɗu yana kusantar kare sannu sannu a zama takwas, har ya kai ga wasa da shi. Bayan haka kimanin biyu cikin uku na yaran suka iya zama su kaɗai da karen. A 1969 kuma Robert O'Connor ya ɗauko yaran makarantar raino waɗanda ba sa shiga cikin 'yan'uwansu, ya nuna wa wasunsu fim na minti 23 inda ake ganin yaro yana tsaye a gefe, sa'an nan ya matso ya shiga wasa, aka karɓe shi da fara'a. Waɗanda suka ga fim ɗin suka koma suna cuɗanya kamar sauran yara, waɗanda aka nuna wa wani fim dabam kuwa suka zauna yadda suke. Gani ya kori ji: nasihar malami ta wata guda cewa a riƙa tambaya ba ta kai ganin tambaya ɗaya da aka yi aka kwashe lafiya ba.

WANE YARO AKE KOYI DA SHI

Ba kowane mai magana ne ke jan sauran ba. A kowane aji akwai yaro ɗaya ko biyu da kullum hannunsu ke sama, sau da yawa 'ya'yan malamai ko na ma'aikata waɗanda suka saba da littafi tun daga gida. Mai jin nauyi yakan dubi irin wannan ya ce a ransa, ai wane daban yake. Maganarsa ba ta gaya masa kome game da kansa ba, wani lokaci ma ƙara danne shi take yi.

Dale Schunk da abokan aikinsa sun auna wannan a Amurka da yaran firamare masu shan wuya a lissafi. A 1985 suka gano cewa yaran da suka kalli yaro ɗan'uwansu yana koyon ɗebewa sun fi samun amincewa da kansu, sun kuma fi iya aikin, a kan waɗanda suka kalli malami yana yi. A 1987 suka ƙara gano cewa yaron da aka ga yana tuntuɓe da fari, yana kuskure yana gyarawa har ya iya, ya fi amfanar masu rauni a kan wanda ya zo ya yi aikin tsaf tun daga farko.

Saboda haka labarin jarumai na nesa yana da iyakar amfaninsa. Yana da kyau yara su san Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU a Zariya tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta yi magana a bainar jama'a a zamanin da ba a saba jin muryar mace a dandalin siyasar Arewa ba, ta kuma sha ɗauri a kan haka. Yana da kyau su san Malala Yousafzai ta Pakistan, wadda aka harba a 2012 saboda fafutukar karatun 'yan mata, ta sami kyautar Nobel a 2014. Irin waɗannan labarai sukan sa yaro sha'awa. Amma abin da ke ɗaga hannun yarinyar bencin baya shi ne ganin ƙawarta, wadda suke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, wadda ta san ita ma gabanta na faɗuwa, ta miƙe ta yi tambaya. A nan ne za ta ce, in wance ta iya, ni ma zan iya.

SAKAMAKON DA MAI MAGANA YA SAMU

Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ne a kan sharaɗi guda, watau abin da ya sami yaron farko bayan ya yi magana. Sauran yaran ba tambayarsa kawai suke saurare ba. Fuskar Malam suke kallo. In Malam ya ce, "Madalla, tambaya mai kyau," ya sake bayani, to, an buɗe ƙofa. In kuwa ya ce, "Kai ina hankalinka yake sa'ad da nake magana?" ko ya bari aji ya fashe da dariya, ko ya ɗauko bulala, to, darasin da yara sittin suka koya a ranar shi ne baki shi ke yanka wuya, kuma za su riƙe shi fiye da darasin da ke kan allo.

Wannan ma an auna shi. A wani gwaji na 1965 Bandura ya nuna cewa yaran da suka ga an hukunta wanda suke kallo sun ja baya daga kwaikwayon abin da ya yi. Jacob Kounin, wanda ya yi nazarin tafiyar da aji a Amurka, ya kwatanta tsawar da malami ke yi wa yaro guda da dutsen da aka jefa a kududdufi, wanda motsinsa ke isa kowane gefe. Shi ma Asch ya lura cewa in mutumin da ke faɗin gaskiya ya juya ya koma bin taro, wanda ya dogara da shi yakan koma bin taron nan da nan. Ƙarfin halin da aka ara daga wani yana bukatar lokaci kafin ya zama na mutum.

Akwai kuma wani ƙaramin abu mai babban tasiri. Mary Budd Rowe ta saurari ɗaruruwan darussa da aka ɗauka a faifai, ta ba da rahoto a 1972 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka horar da su su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, yaran da ake ɗauka marasa ƙoƙari suka fara magana. Mai jin nauyi yana bukatar ɗan lokaci ya tattara zuciyarsa. Daƙiƙa uku kuwa ba ta bukatar kasafin kuɗi.

HALIN 'YAN MATA

Nauyin kunya ya fi sauka a kan 'ya mace, musamman in ta fara girma, kuma a aji mai haɗe da maza ƙarami ne ƙwarai rabon da take samu na magana. Wasu shirye-shirye da aka gudanar a wannan yanki an gina su ne a kan fahimtar da aka bayyana a sama. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya, wadda ba ta da nisa da Danja, tun kafin 2010 ta fara tara 'yan matan ƙauyuka a ƙananan rukunoni ƙarƙashin jagorancin wata mace da suka amince da ita, inda suke ƙarfafa karatu da lissafi, suna kuma koyon bayyana ra'ayinsu a gaban juna. A 2017 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙaddamar da shirin 'yan mata domin 'yan mata, wanda aka fi sani da G4G, a jihohin Bauchi da Katsina da Zamfara, inda ake kafa ƙungiyoyin 'yan mata a makarantu domin su riƙa ƙarfafa juna. Shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohi bakwai da aka fara da su, shi ma ya tanadi irin wannan zama a makarantun sakandare.

Hikimar da ke cikin waɗannan tsare-tsare ɗaya ce: a rage yawan idon da ke kan mai magana, a kawar da mai dariya, a bar yarinya ta ji muryarta a cikin tsararrakinta tukuna. Wadda ta saba magana a gaban mutum goma sha biyar ita ce gobe za ta zama hannun farko a gaban mutum sittin.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo wasu abubuwa na aiki. Malami ya kamata ya ɗauki tambayar farko a kowane darasi a matsayin amana, ya karɓe ta hannu biyu ko da ta kauce hanya, ya hana dariya tun ranar farko, ya yarda a yi tambaya da Hausa in Turanci ya gagara. Ya kamata ya bar yara su tattauna bibbiyu kafin ya nemi amsa, ya jira kaɗan bayan ya yi tambaya, ya kuma lura da ranar da wani yaro mai shiru ya fara motsi, domin hannun wannan ya fi na gwanin aji jan jama'a. Kada kuma ya tilasta wa mai tsananin tsoro ya miƙe a gaban kowa, don tilas irin wannan takan ƙara kulle baki. Iyaye nasu shi ne su bambance wa 'ya'yansu ladabi da rashin tambaya, kamar yadda Umar ya yi wa ɗansa. Jami'an ilimi da masu duba makarantu kuwa, in sun shiga aji, bayan duba rajista da tsarin darasi, ya dace su ƙirga tambaya nawa ta fito daga bakin yara, kuma yara nawa ne suka yi ta. Kwalejojin horar da malamai su ma suna da rabonsu, don a can ne sabon malami ke koyon abin da zai yi da fuskarsa sa'ad da yaro ya ce bai gane ba.

Al'amarin ya wuce aji. Yaron da ya shekara shida yana cewa ya gane alhali bai gane ba, shi ne gobe zai karɓi maganin feshi a kanti ya ji nauyin tambayar yadda ake auna shi, ko ya dangwala hannu a takardar bashin da bai fahimta ba. Ita ma yarinyar ita ce za ta fito daga asibiti da maganin ɗanta ba ta tambayi sau nawa ake ba shi ba. Ma'aikacin da ke zaune a taro yana ganin kuskure a cikin lissafi ya yi shiru don kowa ya yi shiru, a irin wannan aji ya koyi halin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kowane aji a Danja da maƙwabtanta akwai yaron da ke dab da ɗaga hannu, kuma akwai wasu da yawa da ke jiran su ga abin da zai same shi.